Masu tara tsofaffin mujallu a Damagaram: ina kuke samun masu cikakken bango?

Tsohon malami, Birni:
Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa masu tara tsofaffin mujallu da aka ƙawata bangonsu da zanen hannu su faɗa mana inda suke samunsu da yadda suke adana su. Ni Kouakou nake nema, mujallar yara da aka fara bugawa a Faransa a 1966, wadda ta yaɗu a makarantun ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗanda nake samu babu bango, domin shi yaran lokacin suke fara cirewa su naɗe littattafan rubutunsu, alhali a nan mai zanen ya fi zuba gwanintarsa.

Wata uwa, Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Nawa gado na ci. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe adakarsa muka tarar da mujallun Calao da kuma Bingo, wadda aka kafa a Dakar a 1953. Na sama suna nan lafiya, amma gara ta cinye na ƙasa saboda adakar a kan daɓe take. Waɗanda suka tsira kuma, ƙarfen da ya ɗinke su ya yi tsatsa ya ɓata tsakiyarsu. Yanzu na ɗora adakar a kan bulo, na zuba busasshen ganyen dogonyaro a ciki, kowace mujalla kuwa na sa ta a leda.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Hajiya, ki yi mini afuwa, amma ban goyi bayan ledar ba. Na gwada, zafin watan Afrilu ya sa launin wani bango ya manne a jikinta, na ji takaicinsa ƙwarai. Farar takarda nake sawa tsakanin kowace biyu, in kwantar da su nesa da rana. Batun samu kuwa, Malam, ka riƙa leƙa masu sayar da tsohuwar takarda ga masu tsire da ƙosai a kasuwar Dole, ka bar musu saƙo su ware maka duk mai zane kafin su yaga. A can na samu Kouakou da bangonta ko karce babu.

Tsohon malami, Birni:
Na gode, Alhaji. Hajiya, idan akwai Calao da ta maimaitu a wajenki, ina da wasu da za mu iya musaya.