Taƙaitawa: Rawar Uba wajen Raya Son Sani a Zuciyar Yaro

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda uba zai raya son sani a zuciyar yaro, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa yaro ya fi koyi da abin da ya ga mahaifinsa yana yi fiye da abin da ya ji yana faɗa. Uban da 'ya'yansa ke gani riƙe da littafi, ko yana kwance wata na'ura domin gano inda ta lalace, ya riga ya soma koyarwa ko da bai buɗe baki ba.

An fi daɗewa a kan batun tambayoyi, kuma a ganina nan ne gundarin maganar. Tsakanin shekara 3 zuwa 5 yaro kan cika kunnen iyayensa da "don me?", kuma idan aka riƙa kwaɓarsa sai ya ɗauka cewa tambaya laifi ce. An kawo misalin Richard Feynman, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya samu kyautar Nobel a 1965, wanda tun yana ƙarami ya tambayi mahaifinsa dalilin da ƙwallon da ke cikin keken wasansa ke komawa baya idan ya ja keken. Uban ya gaya masa sunan wannan ɗabi'a, sannan ya ƙara da cewa babu wanda ya san ainihin sababinta, maimakon ya ƙirƙiro masa amsa.

Wasu sun ja kunne game da mayar da kowace hira jarrabawa, domin yaron da ake yawan aunawa kan soma tsoron kuskure. Uban da aiki ya yi wa yawa kuwa, an ba shi shawarar ware ɗan lokaci kullum domin karatu tare da yaron, ko da shafi ɗaya ne.