Sabon bugun Magana Jari Ce: daidai yake da na da kuwa?

Maman Halifa, Funtuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san harkar littattafai ya fitar da ni duhu. Ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata, kuma an ba ni ɗan kuɗi in saya wa ɗakin karatunmu Magana Jari Ce na ɗaya zuwa na uku, da Ruwan Bagaja. Kafin in sayi da yawa sai na aika aka kawo min samfuri daga kasuwa, na ajiye shi gefen tsohon kwafin mahaifinmu, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi har aka ɗinke shi da zare. Abin da na gani bai yi min daɗi ba. Zanen da ke ciki ya koma baƙi ƙirin, ba ka bambance fuskar mutum da rawaninsa. Takardar shara-shara, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba. A littafi na biyu kuma shafuka sun yi tsalle, kana tsakiyar wani labari sai ka tsinci kanka a wani.

Tambayata biyu ce. Shin maganar da ke cikin waɗannan sababbin ita ce ta Abubakar Imam yadda ya bar ta? Sannan yaya ake gane bugun gaskiya? Kuɗin makaranta amana ne, ba na so in jibge wa yara abin da zai wargaje kafin ƙarshen zango.

Baba Mai Littafi, Zariya

Wa alaikumus salam Malama. Abin da kika bayyana jabu ne, ko shakka babu. Na tsufa a wannan sana'a. Masu yin sa suna samun kwafi ɗaya ne su ɗauki hoton shafukansa su buga, wani kuma ya zo ya ɗauki hoton nasu. Kowane zagaye sai tawada ta ƙara cushewa, shi ya sa zanen ya mutu. Shafukan da suka yi tsalle kuwa wajen haɗa daurin ne aka yi gaggawa.

Littattafan nan a Zariya aka haife su. Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya, tare da Ganɗoki na Bello Kagara, wan Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya tsakanin 1937 da 1939. Daga baya aikin bugawa ya ratsa ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA, hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, har ya iso ga NNPC, wato kamfanin ɗab'i na Northern Nigerian Publishing Company, da aka kafa a 1966. Sunan NNPC za ki nema. Amma kar ki tsaya nan, don ɗan jabu har sunan da adireshin yake kwafewa. Ki buɗe tsakiyar littafin ki duba ɗ da ƙ da ɓ: in lanƙwasar ta narke ta zama ɗigon tawada, ajiye shi. Ki ƙirga lambar shafi daga farko har ƙarshe a gaban mai shago, ba kunya a ciki. Ki kuma ware littafin ki ga ko gam ɗin zai ɗauka. Wanda ya faye araha kuma, ki tambayi kanki dalili.

Ɗalibin Hausa, Sakkwato

Baba ya gama magana kan jabu. Ni kan tambaya ta farko zan ce wani abu. Kwafin da ke hannuna ba tsoho ba ne, amma rubutunsa na da ne: "ya ke" da "su ke" a rabe, da irin su "'yam mata" da "dom me", wato ana rubuta yadda baki yake furtawa. Ƙa'idar yau ba haka ta ce ba. Wannan ya nuna min cewa tsofaffin shafukan ake maimaitawa, ba a zauna an sake tsara su ba, kuma ni hakan ya fi kwanta min. Ran da wani ya ce zai gyara wa Imam rubutu, ba a rubutun zai tsaya ba. Zai ga kalmar da yaran yanzu ba su sani ba ya musanya ta, ya ga karin magana ya yi masa nauyi ya sauƙaƙa. Alhali gishirin littafin ke nan. Labaran da yawa aro ne, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan Grimm da sauransu, kamar yadda Ruwan Bagaja ya ɗebo daga Muƙamatul Hariri. Abin da ya mai da su namu shi ne bakin da ya ba aku mai ba da labaran Magana Jari Ce, da yadda Malam Zurƙe da Alhaji Imam, taurarin Ruwan Bagaja, suke wa juna tsiya. In aka taɓa wannan me ya rage?

Malam Na Bakin Allo, Katsina

Ɗalibi, ina ganin girman ra'ayinka, amma zo ka tsaya gaban aji ka gani. Ina koya wa yaro cewa "yake" haɗe ake rubuta shi, sai ya buɗe littafin da na ce masa shi ne madubin Hausa ya tarar da saɓanin haka. Ranar jarrabawa kuma a ci shi tara a kan ƙa'idar rubutu. Ni abin da nake fata shi ne bugu biyu: ɗaya yadda yake tun asali don manya da masu nazari, ɗaya na makaranta da aka daidaita rubutun kawai, ba a cire ko kalma ɗaya ba, a ƙara ma'anar tsofaffin kalmomi a baya. Imam kansa malamin makaranta ne a nan Katsina kafin ya koma Zariya ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma don 'yan makaranta aka nemi ya rubuta Magana Jari Ce tun farko.

Maman Halifa, Funtuwa

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na duba haruffan yadda ka ce, wallahi ƙ da k ba su da maraba a samfurin nan. Gobe zan mayar da shi. Malam, matsalarka tawa ce, amma na fi karkata ga Ɗalibi. Abin da zan yi shi ne in ba 'yan aji uku sakin layi ɗaya daga labarin Kalala da Kalalatu su mai da shi rubutun yau da hannunsu, sun karanta Imam sun kuma koyi ƙa'ida. Baba, ina da niyyar shigowa Zariya ranar Asabar. In mutum zai ɗauki saiti ashirin, ana samun na uku tare da sauran, ko sai an ba da saƙo tukuna? Shi ne kullum yake wuyar samu a nan wajenmu.