Ina ya kamata in ajiye takardar inshorar mota?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mota ɗaya muke amfani da ita ni da ƙanena, muna ɗauko kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege a Legas. Inshorar da ta zama dole ce muke da ita, ta naira 15,000 ɗin nan da aka ƙara kuɗinta a 2023.

Da farko a aljihun gaban mota nake ajiye ta asali. Damina ta zo, ruwa ya shiga motar a Oshodi, takardar ta jiƙe har lambar inshorar ta kusa gogewa. Da ƙyar na samu aka sake buga mini wata. Sai na bar ta asali a gida, na sa kwafi a mota, na kuma ɗauki hotonta a waya.

Makon jiya wani jami'i ya tare ƙanena a titin Ikorodu. Ya nuna kwafin, aka ce ba a yarda ba. Hoton kuma a wayata yake, ni ina Agege. Ya roƙa a duba lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya a intanet, inda sunanmu yake, ba a saurare shi ba. Awa biyu yana tsaye, tumatir na lalacewa a rana. Abin ya ƙona mini rai, domin kuɗinmu muka biya.

Barin ta asali a mota ma tsoro yake ba ni, idan aka sace motar an tafi da ita ke nan.

Don Allah masu tuƙi a Legas: dole ne ta asali ta kasance cikin mota, ko kwafi ya isa a doka?