Taron wayar da kai da muke yi a Agege, ya za mu gane ko yana amfani?

Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a nan Agege, tun bayan kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 muke taro duk ƙarshen wata, mu kafa kanofi a ƙofar masallaci mu ɗauko nas ta yi bayani kan wanke hannu da rigakafin yara da hawan jini, a auna jini kyauta a raba piya wata da biskit kowa ya kama gabansa. To jiya Alhajin da ke ba mu gudummawa ya ce min "sakatare, kuɗina me suka canza?" Wlh na rasa ta cewa sai hotuna na nuna masa a waya, ya ce ai ko a biki ana hoto. Maganar ta tsaya min a rai har yanzu.

Maman Ilham: Ƙanina Alhaji bai faɗi ƙarya ba fa. Ni nas ce, cikar kujeru ba ita ce nasara ba. Ku sayi littafi guda, duk wanda kuka auna ya kai 140/90 ko sama a rubuta shi da lambarsa, bayan sati biyu a kira shi, ya je asibiti an sake aunawa? an ba shi magani? yana sha ko ya ajiye da ya ji ciwon kai ya lafa, don mutanenmu haka suke. Na yara ma ya fi sauƙi tunda akwai kati, allurar Penta, mai rigakafin cututtuka biyar, ana yin ta a sati 6 da 10 da 14 sai ta ƙyanda a wata 9, to uwa za ta kai ta farko yaro ya yi zazzaɓi ya kwana kuka maigida ya ce ba za a koma ba. Ku shiga gida 30 ku ƙirga yara nawa suka yi ta farko nawa suka kai ta uku, bayan wata shida ku koma gidajen nan dai. Wannan za ku nuna wa Alhaji.

Baban Yusra, Mile 12: Wai su wa ke zuwa taron ma tukuna? Ƙofar masallaci ai maza ne da tsofaffi, masu shayarwa suna cikin gida, 'yan dako suna kasuwa.

Hajiya Inna: Yauwa Baban Yusra ka riga ni. Ɗana ku nemi mata biyu su bi islamiyyar matan aure da gidan suna. Kuma a bar tambayar "kun gane?" kowa eh zai ce don kunya. A miƙa wa mace kwano a ce haɗa ruwan gishiri da sukari mu gani, lita 1 na ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Na taɓa ganin wadda ta juya lissafin, gishirin ne shida, Allah ya kiyaye ba yaro aka bai wa ba. Nas ɗin taku tana jin Hausa kuwa?

Abba Alaba Rago: Ni dai gaskiya wa'azin wanke hannu ga wanda sai ya sayi jarka wajen mai ruwa, ga kwata ta toshe a ƙofar ɗakinsa... kuɗin biskit ɗin nan ku sayi sabulu da shebur.

Maman Ilham: Abba duka ana yi. Sakatare ku je ƙaramin asibitin gwamnati na mazaɓarku ku gabatar da kanku, su suka san ranar rigakafi, ku kuma tambayi yadda ake rijistar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas, don masu hawan jinin da kuɗin magani ke kora.

Sakatare: Na gode iyaye da yayye. Hajiya kin taɓo inda ke ciwo, nas ɗin turanci da Yarbanci take yi ni nake fassara, wani abin ma tsallakewa nake. Anti Maman Ilham zan miki magana ta gefe ki zana min yadda za a tsara littafin kafin mitin ɗinmu na Lahadi.