Tsokar ƙafa ɗaya ta fi ta ɗayar kauri

Mai tambaya daga Garwa: Assalamu alaikum. Shekara 2 ke nan ina fama da ciwon baya mai sauka ƙafa, yanzu tsokar bayan ƙwaurina na dama ta yi kauri har wando yana matse ta, amma ƙafar ba ƙarfi. Mene ne wannan?

Daga Marwa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan jijiyar baya ta matsu, yawanci tsoka ramewa take yi, amma wani lokaci jijiyar takan riƙa tsikarar ta ba hutawa har ta girma. Gwajin EMG, wanda ake sa siririyar allura cikin tsoka, da hoton IRM na baya, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, ne ke tabbatarwa.

Daga Njamena: Malam, kada ka jinkirta zuwa asibiti a fara duba hanyoyin jini, domin daskarewar jini ma tana kumbura ƙafa. Allah ya ba da lafiya.