Shawara don Allah: ta ina zan kama darasin rauni da mutuwar sel?

Autar Zaure:
Assalamu alaikum yayyena. Don Allah shawara nake nema, mun shiga fatoloji, ilimin cututtuka, kuma babin farko shi ne yadda ƙwayoyin halittar jiki, wato sel, ke jure wahala, su ji rauni, har su mutu. Wallahi sunayen sun min yawa, atirofi, haifatirofi, nekurosis kala-kala, afoftosis, ga su kasfes da ban san inda suka dosa ba. Ku da kuka riga mu wucewa ta nan, ta ina kuka fara? Me zan riƙe yanzu, me zan bari sai gaba?

Yaya Dakta:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kar ki soma da haddar sunaye, za su zube kafin jarabawa. Ɗauko farar takarda ki ja layi ɗaya dogo, a farkonsa ki rubuta lafiyayyen sel, gaba kaɗan wanda wahala ta sa ya sauya don ya rayu, sai wanda ya ji rauni amma zai iya farfaɗowa, sai wanda ya wuce inda ake dawowa, ƙarshe matacce. Duk abin da ke babin nan yana da mazauni a kan layin. Sannan kowane misali aka ba ki ki tambaye shi abu uku, me ya sami sel ɗin, yaya tsananin abin da daɗewarsa, kuma wane irin sel ne. Na ukun nan mutane ke mantawa alhali shi ne komai, domin in jini ya yanke ƙwayoyin ƙwaƙwalwa cikin minti 3 zuwa 5 sun fara mutuwa, tsokar zuciya takan kai minti 20 zuwa 30, tsokar ƙafa kuwa sai ta yi awanni tana nan da ranta.

Anti Nas:
Na goyi bayan Dakta. Ƙarin da zan yi auta, kowace kalma ki liƙa mata mara lafiya, ba ta sake ɓace miki. Atirofi, ki tuna wanda aka sa wa filasta bayan karaya, ranar da aka cire za ki ga ƙafar ta sirance don ba ta aiki, ko yaron da shan inna ta taɓa, jijiyar da ke ba tsoka umarni ta lalace sai tsokar ta motse. Haifatirofi, wato sel ya ƙara girma, zuciyar mai hawan jini da ya shekara ba magani. Haifafilaziya, wato sel su ƙara yawa, furostet ɗin dattawa da ke hana su fitsari. Mahaifar mai ciki kuma ta haɗa biyun, ƙwayoyin suna ƙara girma suna kuma ƙara yawa, abin da bai kai giram 100 ba sai ya doshi kilo guda lokacin haihuwa, bayan haihuwa kuma ta koma. Ikon Allah.

Autar Zaure:
Na gode Anti. To amma me ya sa zuciya ba ta ƙara yawan ƙwayoyinta kawai ta huta?

Malamin Histo:
Tambaya mai kyau 'yata. Ƙwayoyin tsokar zuciya na baligi kusan ba sa rabuwa, saboda haka hanya ɗaya ta rage musu, kowanne ya tara furotin ya yi kauri. Hanta kuwa nata suna rabuwa, shi ya sa ake iya yanke wani sashe nata a dasa wa wani, ragowar ta sake cikowa. Kuma ki lura, sauyin da sel ke yi don ya tsira yana da iyaka kuma yana da farashi. Bangon zuciya da ya yi kauri yana buƙatar jini fiye da da, jijiyoyin da ke ciyar da shi ba su ƙaru daidai da shi ba, a hankali sai ya gaji, daga nan zuciya ta kasa.

Wanda nake so ki zauna a kansa sosai shi ne metafilaziya, don ɗalibai na yawan ɗauka wai sel ne ke rikiɗa ya zama wani. A'a, ƙwayoyin asali ne da ke ƙasa, masu haifar da sababbi, su ake sauya wa umarni sai su fara fitar da wani nau'i da ya fi jure wahalar wurin. Mai shan taba, hanyoyin iskar huhunsa asali ƙwayoyi ne dogaye masu 'yan gasu da ke share majina da ƙura, hayaƙi ya dame su sai a maye gurbinsu da shimfiɗaɗɗu masu tauri, sun fi juriya amma ba sa shara, ga tari ga ciwon ƙirji. Mai yawan ƙwannafi kuma akasin haka ne, asid ɗin ciki na ƙona ƙasan bututun abinci sai shimfiɗaɗɗun su koma dogaye irin na hanji, shi ake kira Barrett. Tsargiya ma tana yin haka a mafitsara, ƙwan tsutsar na ta gurzar bango shekara da shekaru. Duka ukun in abin da ke jawo su bai tsaya ba, suna iya zama ƙofar kansa. Shawarata, ki je lab ki roƙi silaid na lafiyayyen wuri da na wanda ya sauya ki duba su jere a maikuroskof, rabin awa a haka ya fi karatun dare guda.

Ɗan Famasi:
Ni fa a ganina in kin gane labarin ATP, makamashin da sel ke aiki da shi, kin gama rabin babin. Ki bi shi daki-daki da bakinki kamar kina ba wani labari. Oksijin ya yanke, maitokondiriya, injin makamashin sel, ta kasa yin ATP, famfon da ke tantanin sel mai fitar da sodiyam ya shigo da fotasiyam ya tsaya tunda da ATP yake aiki, sodiyam ya taru a ciki ruwa ya biyo shi sel ya kumbura. Kamar kwalekwale ne mai yoyo, muddin akwai mai kwarfe ruwa yana tafiya lafiya, da hannun ya gaji shi ke nan ya fara cika. A lokaci guda sel ya koma ƙona suga ba tare da oksijin ba, laktik asid ya taru, cikin ya yi tsami, masu ƙera furotin suka saki wurinsu. Duk wannan in jini ya dawo da wuri ana warkewa. Mugun shi ne kalsiyam, a waje ya ninka na cikin sel kusan sau 10,000, da ya samu ƙofa ya kwararo sai ya tada enzayim masu cin tantani da masu yanka furotin da masu daddatsa DNA.

Kuma tunda fannina ne bari in ƙara da farasitamol. Hanta na juya ɗan kaɗan daga cikinsa zuwa wata guba mai suna NAPQI, gulutatayon ke kama ta ya kashe kaifinta. In aka sha fiye da ƙima gulutatayon ya ƙare, gubar ta kama ƙwayoyin hanta ta kashe su, abin tsoron kuma ranar farko mutum zai iya zama kamar lafiyarsa lau sai bayan kwana biyu uku hanta ta nuna. Maganinsa asetilsistin ne, yana mayar da gulutatayon, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Don Allah duk wanda ya ji an sha da yawa a kai asibiti nan take, kar a jira alama.

Autar Zaure:
Kai, yanzu ya fara zama. To Yaya Dakta a ina ne daidai ake cewa sel ya wuce inda ake dawowa?

Yaya Dakta:
Abu biyu ki riƙe. Na ɗaya maitokondiriya ta lalace yadda ko an dawo da oksijin ba za ta sake yin ATP ba. Na biyu tantani ya yage, na waje da na laisozom, 'yan jakunkunan da ke ɗauke da enzayim na narkarwa, kayan ciki suna zuba waje, enzayim na narkarwa suna cin sel daga ciki. Wannan yagewar ita muke aunawa a jini kullum, turofonin in zuciya ce, ALT da AST in hanta ce, ba haddar banza ba ce. Wani abin da nake so ya zauna miki, aiki ke fara tsayawa, mutuwa ta biyo baya, ganin alamar a ido shi ne ƙarshe. Tsokar zuciya cikin kamar minti guda da yankewar jini ta daina bugawa da ƙarfi alhali tana da rai, kuma ko bayan ta mutu sai an yi awanni kafin maikuroskof ya nuna. Tazarar nan tsakanin tsayawar aiki da mutuwa ita muke tsere da ita a ɗakin gaggawa. Ki kuma karanta raunin da dawowar jini ke jawowa, domin oksijin da ya dawo wa sel mai rauni yana haifar da firi radikal masu ƙara ɓarna, duk da haka buɗe jijiyar da wuri shi ne ceto.

Malamin Histo:
Nau'o'in nekurosis, wato mutuwar sel saboda rauni, ki haɗa kowanne da gaɓarsa ki wuce, ba sa buƙatar dogon lokaci. Zuciya, ƙoda, saifa in jini ya yanke musu naman na daskarewa, siffar ƙwayoyin na nan kwanaki amma nukiliyas ya tafi. Ƙwaƙwalwa ita narkewa take ta bar rami, haka ƙurji mai mugunya. Tarin fuka nasa fari-fari ne mai marmashewa, an kewaye shi da ƙwayoyin garkuwa. Fankiriyas in ya kumbura enzayim ɗinsa na narkar da kitsen kewaye, kitsen ya haɗu da kalsiyam ya bar fararen ɗigo. Ƙafar mai ciwon suga da ta yi baƙi ita ce gangarin. Nukiliyas kuma ko ya ƙanƙance ya yi duhu, ko ya farfashe, ko ya dushe ya ɓace.

Mai Bincike:
Malam a ba ni dama in kare afoftosis, don kullum ana barinsa ƙarshe a karanta a gurguje. Auta, nekurosis hatsari ne, sel ya kumbura ya fashe kayan cikinsa su tada kumburi a kewaye. Afoftosis kuwa tsari ne da sel ke bi da kansa, ya ƙanƙance, ya yanka DNA ɗinsa, ya rarraba kansa ƙunshi-ƙunshi tantani bai yage ba, ya fito da wata alama a bayansa da ke kiran makurofej, wasu ƙwayoyin garkuwa, su zo su haɗiye, maƙwabta ba su ma sani ba. Da shi aka raba yatsunki tun kina ciki, da shi jiki ke kawar da ƙwayoyin garkuwa da za su yaƙi jikin kansa. Kerr da Wyllie da Currie ne suka raɗa masa suna a 1972 a Aberdeen. Ki nemi labarin 'yar tsutsar nan C. elegans, tana yin sel 1090 yayin girma, 131 daga ciki suna mutuwa, kullum su ɗin dai, daga nan aka gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da abin, Brenner da Horvitz da Sulston suka samu kyautar Nobel a 2002.

Kasfes da ke ba ki tsoro enzayim ne masu aiwatar da afoftosis, kuma hanyar tada su biyu ce kawai. Ta ciki, furotin Bax da Bak su huda maitokondiriya, saitokurom si ya fito ya tada kasfes 9, Bcl-2 shi ke hana hakan. Ta waje, a taɓa wani furotin mai suna Fas a bayan sel ya tada kasfes 8. Duka su haɗu a kasfes 3 mai aiwatarwa. In DNA ya lalace furotin p53 ke tsayar da sel a gyara, in ya ƙi gyaruwa ya tura shi ya mutu, kuma kusan rabin kansar ɗan Adam akwai lalacewar p53 a ciki. Akwai ma wata kansar ƙwayoyin garkuwa, folikula limfoma, da kuromosom 14 da 18 ke musayar yanki sai Bcl-2 ya yi yawa, ƙwayoyin ba saurin haihuwa suke ba, mutuwa ce suka ƙi yi. Ki ɗan leƙa nekuroftosis da feroftosis ma.

Yaya Dakta:
Na yarda da komai ban da jimlar ƙarshe. A bar mata su nekuroftosis tukuna, sai ginshiƙin ya zauna, in ba haka ba za ta cakuɗa.

Mai Bincike:
To Yaya na ji, amma ko layi ɗaya ta sani, cewa akwai mutuwar da aka tsara amma tana fashewa irin ta nekurosis, don kar ta ɗauka rabon gida biyu ne cif. Otofaji dai kam dole ta karanta yanzu tunda yana cikin atirofi, sel in ya rasa abinci yana naɗe tsofaffin kayansa ya kai laisozom a narkar ya sake amfani da su. Yoshinori Ohsumi ɗan Japan ya gano ƙwayoyin gadonsa a cikin yis, ya samu Nobel a 2016. Sai dai ki yi hattara da masu bidiyo a intanet da ke cewa ƙin cin abinci na kwanaki yana tada otofaji ya warkar da kansa, ba haka binciken ya ce ba, wasu ƙwayoyin kansar ma da otofajin suke rayuwa, kuma akwai marasa lafiya da irin wannan magana ke cutarwa.

Ƙanin Kowa:
Ni ba ɗan aji ba ne ina dai bin ku, a yi min afuwa. Ƙanena sikila ne, likita ya ce saifarsa ta daina aiki tun yana ƙarami, wannan ma cikin abin da kuke faɗa ne?

Anti Nas:
Sosai ma ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Jajayen ƙwayoyin jininsa in oksijin ya ragu suna lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, saifa kuma jini a hankali yake ratsa ta shi ya sa abin ya fi yawa a can. Duk toshewa ɗaya wani ɗan yanki ya mutu ya zama tabo, a haka a haka har ta motse ta zama 'yar mitsitsiya, sau da yawa tun ana yara. Matsalar ita ce saifa ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, musamman masu jawo nimoniya da sanƙarau, saboda haka rigakafinsa kar a yi wasa da shi, maganin kariya da aka rubuta masa ya riƙa sha, kuma zazzaɓi ko kaɗan ne a kai shi asibiti ranar, ba a kwana da shi a gida. In ya fara kukan ciwon ƙugu ko yana ɗingishi ku faɗa wa likitansa da wuri, domin kan ƙashin cinya ma jini na iya yanke masa ta wannan hanyar.