Wace manhaja zan samu ta auna faɗin jijiyar jini daga hoton sikanin?

Ɗalibar bincike: Assalamu alaikum. Ina aiki kan gwajin FMD, wato auna buɗewar jijiyar jini idan gudun jini ya ƙaru, a jijiyar damtse. Muna ɗaure hannu da abin awon hawan jini na minti 5, mu saki, mu ga yadda jijiyar za ta buɗe. Da hannu nake aunawa, hoto bayan hoto, har idona ya yi ja. Jiya na auna mutum ɗaya sau biyu, sakamakon ya sha bamban, abin ya tsaya min a rai. Don Allah wace manhaja kuke amfani da ita?

Likitan zuciya: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ba sakacinki ba ne. Jijiyar nan faɗinta kusan milimita 4 ne, kuskuren milimita 0.1 kawai ya kai kashi 2.5 cikin ɗari, alhali buɗewar kanta 'yar kaɗan ce. Nemi manhajar da ke bin gefen bangon jijiya da kanta. Akwai Brachial Analyzer da Cardiovascular Suite, amma na kuɗi ne. Ki ci gaba da ɗaukar bidiyo har minti 3 bayan sakin hannu, don lokacin da jijiya ke kai ƙarshen buɗewa ya bambanta tsakanin mutane.

Mai ɗaukar sikanin: Gwada FloWave.US, kyauta ce, amma sai da manhajar lissafi ta MATLAB. Ni dai hannunki nake ji. In kan na'urar sikanin da kike ɗorawa a fata ya goce ko kaɗan, manhaja ta rasa bangon. Samo abin riƙe shi.

Ɗalibar bincike: Na gode muku. Wallahi da hannu nake riƙewa. Zan fara gyara wannan.